Fida ta Biyar

Argungu, ran Asabar

Zuwa ga autata Sumayya, a Gwadangaji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da jikata Ummu Hani. Ni mahaifinki Riskuwa ke magana, taubashina Ummaru ke rubutawa, tunda shi anka kai boko, ni anka kai bakin gulbi. Kin san ba ni yin magana mai nauyi ta waya. Kunnena ya tsufa, kuma abin da anka faɗa a waya, gobe sai a ce ba haka anka ce ba.

Na iso gida ran Alhamis kafin la'asar. Direban ya danna mu kamar buhunan albasa, amma mun iso. Innarki ta gode da atamfa.

Ga abin da ya sa na zaunar da Ummaru. Wunin nan da na yi a gidan rainon da kike ajiye yarinya in za ki aiki, har yau bai fita raina ba. Kin so in zauna a gida in jira ki, na ƙi, kuma gara da na ƙi.

Ba zan yi musu ƙarya ba, wurin da tsabta. An sa na cire takalmi, an sa na wanke hannu da sabulu sau biyu, ni da ban taɓa komi ba sai sandata. Na ƙirga jarirai goma sha ɗaya, mata uku masu kula da su, ban da mai gidan, Folake. Ƙasa an shimfiɗe ta da tabarmar roba mai taushi, kowane yaro da ɗan gadonai da gidan sauro. Da hantsi anka kife ƙananan rub da ciki, wai don wuyansu shi yi ƙarfi, ana kaɗa musu wata 'yar caki ana waƙa, rabi Hausa rabi Yarbanci. Mu a bayan uwa namu wuyan ya yi ƙarfi, kuma har yau bai karye ba. Wannan duk ban damu da shi ba.

Firij ɗin ne ya tsaya mani. Da anka buɗe shi na ga kwalaben robar nan da kuke ce ma fida jere, sun fi talatin, kowace da nonon da wata uwa ta tatsa ta bari. Duk fari, duk iri ɗaya. Abin da ya raba na wannan da na waccan wata 'yar takarda ce da anka manna. Auta, ke kin yi islamiyya, ba sai na koya miki ba. Nonon mace in ya sauka cikin jariri, ko da cokali anka ba shi, ya zama ɗanta, ɗiyanta sun zama 'yan uwanai, aure ya haramta tsakaninsu har abada. To wa zai faɗa mani na wa ya shiga cikin wa a gidan nan?

Ba ni karatu, amma ina ƙirga. Da safe a gidanki na ga kin sa fida biyar cikin kula. A bangonsu akwai allo, duk yaron da anka ba nono sai a ja mishi layi ɗaya. Na ce a nuna mani wurin Ummu Hani, anka nuna. Har kinka zo ɗaukarta layi huɗu ne. Fida biyar anka maido miki, duk a wanke. Ina ta biyar ɗin ta shiga?

Akwai kuma wani ɗan siririn yaro da anka kwantar kusa da ni ya kama mani gemu. Na ɗauke shi, ban ko gama kallonai ba ɗaya daga matan ta zo ta karɓe shi da sauri kamar zan gudu da shi. Sauran yaran ba wanda anka hana ni taɓawa.

Ki bincika ki ba ni amsa ta hannun direba Nasrullahi. Ummaru na cewa tsufa ne ke damuna. Na ce ya rubuta hakan ma, don ki san irin mutumin da nake fama da shi.

Allah shi yi miki albarka.
Mahaifinki, Riskuwa

Gwadangaji, ran Talata

Zuwa ga Babana.

Wa alaikumus salam, Baba. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna, ina gaida Baba Ummaru da ya sha wahalar rubutu. Muna lafiya. Ummu Hani ta cika wata bakwai jiya, ta fara zama ba a tare ta ba, kuma haƙori ɗaya ya leƙo.

Baba, matan gidan rainon har yanzu suna labarinka. Sun ce ba su taɓa ganin baƙon da ya duba ƙarƙashin kowane gado ba, ya kuma ɗanɗana ruwan da ake dafa fida a ciki. Anti Folake ta ce in ka gaji da gyaran taru ka zo ta ɗauke ka aikin sa ido.

Maganar firij, ka kwantar da hankalinka. Ba takarda kaɗai ba ce. Kowane yaro da akwatinsa na roba mai kalarsa daban, na Ummu Hani kore ne, ni da hannuna nake sa mata nononta a ciki kowace safiya. Shekara tara Anti Folake tana wannan aiki, rabin matan ofishinmu ita ta raini 'ya'yansu. Ni na fi kowa son yarinyar nan, Baba, ba zan ajiye ta inda za a yi mata sakaci ba. Kuma ka san ba ni da wata hanya. Maigidana Faruk yana Zariya wajen ƙarin karatu sai Babbar Sallah zai dawo, hutun haihuwata ya ƙare tuntuni, in na bar zuwa aiki wata za a ba kujerar.

Ka gaya wa Inna maganin ƙafarta yana hannun Nasrullahi, safe da yamma bayan ta ci abinci. Kai kuma ka rage zama cikin rana.

Ina neman albarkarku.
'Yarka, Sumayya

Argungu, ran Alhamis

Zuwa ga Malama Folake, mai gidan raino.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya da iyali da yaran mutane da ke hannunki. Ni ne tsohon nan mai sanda, kakan Ummu Hani. Na gode da shayin da kinka ba ni, ko da yake sukari ya yi kaɗan.

Na tambayi ɗiyata abu biyu, ta ba ni amsar haƙori da maganin ƙafa. Shi ya sa na juyo gare ki. Kada ki ɗauka don ke Bayarbiya ce. Na yi cinikin busasshen kifi da mutanenku tun ba a haife ki ba, ban taɓa samun ƙwara ɗaya ta ɓata ba. Ko ɗiyar limaminmu ce ke da firij ɗin nan haka zan tambaye ta. Amma tunda ba ki san ni ba, bari in faɗa miki dalili.

Ina da shekara takwas ciwon amai da gudawa ya shigo unguwarmu ta masunta. Innata ta kwanta, nononta ya ƙafe, ƙanena Tamba na da wata uku, ya yi kuka har murya ta ɗauke. Manya duk suna wajen marasa lafiya da maƙabarta. Na ɗauke shi na kai ma wata maƙwabciyarmu mai jego a gidan da ke gindin tsamiya, ta ba shi. Kwana tara ina kai shi. Ba wanda ya aike ni, ba wanda na gaya ma. Da ciwo ya lafa sunka tashi sunka bar gari, ni kuma na girma na bar abin can cikin kai.

Bayan shekara talatin da wani abu Tamba ya auro yarinya daga Gulma, marainiya, uwarta ta daɗe da rasuwa. Sun yi shekara shida, sun haifi namiji. Ran nan wajen wani bikin suna gwaggonta ke labari, ta ce ai uwar yarinyar ta taɓa zama Argungu, gidan da ke gindin tsamiya, shekarar ciwo. Ta faɗi sunanta. Malama, tuwon da ke hannuna ban kai shi baki ba. Kwana arba'in na yi ina riƙe da maganar ni kaɗai. Daga baya na je wajen malamai, anka nemo wata tsohuwa da ta taɓa ganina da jaririn a ƙofar gidan, ta tabbatar. Anka raba su. Tamba ya kwance jirginai ya bi ruwa ya yi kudu, bai yi mani sallama ba. Ban sake ganinai ba sai labarin rasuwa daga Yauri. Ɗan da sunka bari shi ne Faruk, ni na riƙe shi, shi ne mijin Sumayya, uban Ummu Hani.

Tun ran nan na kafa doka a gidana, mace ba ta ba ɗan wani nono, ba a ba namu na wata. Kuma tun ran nan duk wadda ta shayar da ɗan wata a unguwarmu ina riƙe da sunanta a kaina, har na waɗanda sunka mutu. Ba a ɗaura aure a nan sai an aiko an tambaye ni. Wasu na gode mani, wasu in sun hango ni sai su sake hanya.

To ga tambayoyina, kuma a ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya. In an ɗauke wuta yaya kuke yi da nonon? In yara uku sunka fashe da kuka lokaci ɗaya, wa ke tsayawa karanta takarda? Fida ta biyar ta jikata, wa ke shanye ta? Ɗan siririn yaron nan da anka karɓe daga hannuna, ɗan wa ne?

Ummaru ya ce in sassauta harshe. Na sassauta, wannan shi ne sassaucin.

Allah shi tsare mu da ku.
Riskuwa

Gwadangaji, ran Lahadi

Zuwa ga Baba Riskuwa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Baba girma da lafiya. Na karɓi takardarka ranar Juma'a, na karanta ta sau uku. Da na kai labarin ƙanenka sai da na ajiye ta na fita tsakar gida. Allah ya jiƙan Tamba.

Ban ɗauki tambayoyinka da wata manufa ba. A Birnin Kebbi aka haife ni, mahaifina atamfa ya sayar a tsohuwar kasuwa har ya rasu, kuma hukuncin shayarwa a makarantar allo ɗaya muka koye shi da 'ya'yan unguwa. Zan amsa abin da nake da ikon amsawa.

Muna buɗewa ƙarfe bakwai da rabi. Kowace uwa ita ke saka nononta a akwatin ɗanta da hannunta, a rubuta suna da lokacin da aka tatsa. Muna da sola, firij ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta. Nonon da ya kwana biyu ba ma ba yaro, uwar muke mayar wa. In za a ba yaro, a ruwan ɗumi muke ɗumama fidar, kuma mutum biyu ke yi: ɗaya ta ɗauko ta kira suna da ƙarfi, ɗaya da ke riƙe da yaron ta maimaita. In uku suka yi kuka tare, biyu za su jira a goye. Na sha gaya wa ma'aikatana, kukan minti biyar bai taɓa illata yaro ba, gaggawa ce abin tsoro. Bayan an ba shi a ja layi a allo, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Ana duba ƙunzugu duk bayan awa biyu. Bayan azahar ana rufe labule su yi barci, mutum ɗaya na zaune a kansu ba ta tashi. Wanda jikinsa ya yi zafi ɗaki daban muke kai shi, a kira uwarsa. Da yamma a wanke fidoji a dafa su.

Ina tabbatar maka da Allah, Ummu Hani ba ta taɓa shan nonon kowa ba sai na mahaifiyarta. Wannan ko gaban alƙali zan faɗa.

Yaron da ka ɗauka sunansa Sodiq, ɗan ƙanena Kayode ne, mai sayar da kayan gyaran babur a hanyar tasha. Ba shi da ƙwarin jiki, muna kaffa-kaffa da shi. Wadda ta karɓe shi daga hannunka ta yi rashin ladabi, na yi mata faɗa, ka yi haƙuri.

Tambayarka ta uku kuwa, Baba, ka gafarce ni. Abin da uwa ta kawo, da yadda ta ce a yi da shi, amana ce tsakanina da ita. Ba ni da izinin buɗe ta ga kowa, ko da kaka ne. Ƙarya ba zan yi maka ba, amanar kuma ba zan ci ba.

Ƙofarmu a buɗe take gare ka kowace rana. Za a ƙara sukari.

Taka cikin girmamawa,
Folake

Argungu, ran Litinin

Sumayya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa kaɗan ce yau.

Matar nan ta ba ni amsa. Ba ta yi mani ƙarya ba, na ji haka a maganarta. Ta rantse jikata ba ta sha na kowa ba, na karɓa. Amma ta ce abin da ya saura amanar uwa ce. Uwa ɗaya Ummu Hani ke da ita.

Kwana tara ina zargin matan mutane, ashe kusa da ni ya kamata in duba. Yanzu na tuna abin da na gani ban ba shi muhimmanci ba. Ran nan da kinka taso aiki, kin gaishe ni, kin shafa kan ɗiyarki da ke kan cinyata, kinka wuce ɗakin ciki kinka ja labule. Kin kai rabin awa. Na ɗauka sallah kike. Da kinka fito kina gyara mayafi, la'asar kuwa sai da munka isa gida kinka yi ta, a gabana. Uwar da ta wuni ba ta ga jaririyarta ba, mi ke tsare ta a wani ɗaki? Innarki ma ta ce ran da kinka zo wancan watan wuyanki ya zurma, kina cin abinci kamar mai noman rani.

Kin san dokar gidana, a cikinta anka haife ki. Ga abin da na yanke. Ran Juma'a mai zuwa innarki za ta shigo motar safe ta ɗauko Ummu Hani. Ta kai ta sha kunu, akwai akuya mai nono a gida, ɗiya tara innarki Uwa ta raina ba ta buƙaci firij ba. In kina son ɗiyarki ki biyo ta, kujerar ofis a ba wata. Kada ki ce sai kin ji daga Faruk. Ni na yi mishi kaciya, ni na yi mishi aure, bai taɓa tsallake maganata ba.

In akwai abin da za ki faɗa, kina da kwana uku.

Allah shi shirye mu.
Riskuwa

Gwadangaji, ran Talata

Zuwa ga Babana.

Assalamu alaikum, Baba. Ina durƙushe ina gaishe ka. Baba Ummaru, don Allah ka karanta masa duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya don tausayina.

Gaskiya ne. Fida ta biyar ta Sodiq ce. Ina kuma shayar da shi da kaina, da safe kafin in wuce aiki da yamma in na taso. Wata huɗu ke nan.

Mahaifiyarsa ta rasu ta bar shi. Mahaifinsa ya kawo shi wajen yayarsa, Anti Folake, don ba shi da kowa a garin nan sai ita. Madarar gwangwani kala uku aka gwada, duk wadda aka ba shi sai ya amayar, jikinsa ya feso da ƙuraje. Likita ya ce in da za a samu nonon mace shi ya fi. A satin da na fara kai Ummu Hani na same shi kwance, haƙarƙarinsa a waje, yana buɗe baki kukan ba ya fita. Ina tsaye da jakata a kafaɗa, sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Ba wanda ya roƙe ni, Baba. Anti Folake ma cewa ta yi in tsaya in yi tunani, in tambayi mijina. Na tsaya a bakin ƙofa na kira Faruk. Ya ce, "Ki ba shi. In ya rayu ɗana ne." Shi ya ce kada in gaya maka sai ya dawo da Sallah, don yana so ya zauna gabanka ya faɗa da bakinsa. Ba raini ba ne. Ya san wurin da maganar za ta taɓa ka, don shi ma nan take taɓa shi.

Na karya dokarka ina sane, kuma na yi maka kewaye-kewaye a takardata ta farko. Wannan laifina ne, ka yafe mini.

Amma Baba, ka bar ni in faɗi abu ɗaya da ban taɓa samun ƙarfin faɗa ba. Tun muna yara kake ba mu labarin Baba Tamba, kullum daga ranar da aka raba auren kake jin zafinsa. Ni kuwa kullum wurin yaron nan ɗan shekara takwas nake tsayawa, wanda ya ɗauki ƙanensa ya tsallaka gidan maƙwabta ba wanda ya aike shi. Da bai kai shi ba, da a shekarar aka binne Tamba. Da babu Faruk. Da babu Ummu Hani da kake son ɗaukewa. Nonon bai cuci kowa ba, rashin faɗa ne ya cuce ku, kuma kai yaro ne, ba wanda zai ɗora maka. Ni ce babba da na yi shiru wata huɗu.

Yanzu Sodiq yana juyawa da kansa, yana dariya in ya ji muryata. Shi ne ya kama maka gemu. In Inna ta ɗauki Ummu Hani zan biyo ta, ba zan iya kwana ba tare da ita ba, ka sani. In na biyo ta kuma shi ban san yadda zai yi ba.

Ba zan rufe wa Inna ƙofa ba ran Juma'a. Duk abin da ka ce shi za a yi.

'Yarka mai neman gafara,
Sumayya

Gwadangaji, ran Talata

Zuwa ga Baba Riskuwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara girma. Na sa wannan cikin ambulan ɗin Sumayya ba tare da ta karanta ba.

Yanzu da ta buɗe maganar, ni ma zan iya magana. Yaron jinina ne, ni ya kamata in ƙi tun farko, ko in matsa a sanar da kai. Na ga yana farfaɗowa, na kasa. Laifin ya fi yawa a kaina.

Ga roƙona. Daga Litinin zan cire Sodiq daga nonon Sumayya. An gaya mana wata madara da ake samu a Sakkwato, za mu gwada, ya kuma kusa fara kunu. Allah da ya raya shi zuwa yau yana nan. In kuma gidana ne ba ka yarda da shi ba, ni da kaina zan nemo wa Ummu Hani wani wurin raino mai kyau. Amma kada a raba ta da uwarta, kada kuma Sumayya ta rasa aikinta saboda alherin da ta yi mana.

Taka cikin girmamawa,
Folake

Argungu, ran Laraba

Zuwa ga Sumayya da Malama Folake, ku karanta tare.

Assalamu alaikum. Takardunku sun iso. Akwai wurin da na sa Ummaru ya maimaita, auta ta san wurin. Shekara saba'in ba wanda ya taɓa faɗa mani haka. Ba zan ƙara komi a kai ba.

Malama, ba ki da ikon yanke ma yaron nan nono. Jikana ne tun wata huɗu da sunka wuce, ku ne ba ku gaya mani ba. Zai sha har a yaye su tare.

Uwa na nan tafe ran Juma'a, don ban taɓa fasa magana ba. Ni ma ina tafe. Ummu Hani za ta zauna inda take. A gaya ma Kayode shi rufe shago shi zo, da sunan ubanai da na kakanai da garinsu, da sunan marigayiya. Bayan an sauko masallaci za mu tsaya gaban limamin unguwarku a faɗa cewa Sodiq da Ummu Hani nono ɗaya sunka sha, mutane su ji. In na dawo a sake faɗa a nan. Sauran yara tara na gidan kuma ban gama da su ba, zan so in ga iyayensu mata ɗaya bayan ɗaya.

Sumayya, ke da Faruk, ɓoyon da kunka yi mani maganarmu na nan, ban yafe ba tukuna. Sai ya zo.

Abu ɗaya duk kun manta ku faɗa, kuma ina son amsa kafin in shigo mota. Tsakanin Sodiq da Ummu Hani, wa ya riga wani zuwa duniya? Ina so in san wanda zai ce ma wani yaya.

Wassalam.
Riskuwa